Mai Kawowa Shi Ke Fara Sha

Gorton, Manchester
Watan Maris

Zuwa ga maigidana, Baban Nyam,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya gwiwar? Kana shan maganin a kan lokaci, ko sai ranar da ciwo ya tuna maka? Yaya ginin, an sa ƙofar ɗakin baya? Ka gaishe mini da mutanen Vom gaba ɗaya. Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da godiyar Allah.

Na koma rubutu ne domin kunnenka ya yi nauyi. A waya sai in yi ta ihu har maƙwabta su ji sirrin gidanmu, kai kuma kana ta cewa "to, to" alhali ba ka ji komai ba. Zan ɗauki hoton takardar in tura maka. Ka sa tabarau ka karanta a tsanake.

Mun je Birmingham ranar Asabar kan maganar auren ɗanka Nyam da Zigwai. Tun da ba ka nan, Dattijo Ashafa na ikkilisiyarmu ne ya tsaya mana a matsayin uba. Yarinyar dai ba ni da abin cewa a kanta. Nas ce, tana durƙusawa in za ta gaida babba, kuma Hausarta ta fi ta 'ya'yanmu nesa ba kusa ba. Mahaifinta ne aiki. Baba Kambai mutumin Zangon Kataf ne, ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa bus a Birmingham har ya yi ritaya, amma in ka gan shi sai ka ce jiya ya baro ƙauye.

Dama ya aiko wa Nyam cewa mu zo da abin buɗe baki. Ni kuwa na sayi katon-katon na malt da lemo, na haɗa da goro, kamar yadda kowane gidan masu bi yake yi. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo tuwo da miyar karkashi, muka ci. Daga nan ya shiga hira. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar council, wato hukumar garinsu, ya yi maganar tsadar doya a wannan ƙasa. Duk sa'ad da Dattijo ya gyara murya zai fara abin da ya kawo mu, sai tsohon ya tambaye shi wani abu dabam. Da yamma ta yi, shi da kansa ya ɗauko katon ɗin malt ya mayar mana cikin mota. A bakin motar ne ya faɗa wa Dattijo cewa a wajensu malt na mai jego ne da marar lafiya, ba a buɗe maganar aure a kansa. Giyar wiski yake so, irin ta Amurka da ake kira burbon. Ya ƙara da sharaɗi: kada a kawo masa mai tsadar da za ta nuna masa yaron ba ya tattalin kuɗi, kada kuma a kawo masa wadda ake wanke bayan gida da ita. Ta zama mai sauƙin kuɗi, ta kuma cancanci a sha.

Baban Nyam, ka ji fa! Ni Margaret, wadda ta raba ka da burkutu tun kafin a ɗaura mana aure, wadda ta ga abin da giya ta yi wa mahaifinta, yau ni ce za ta nemo mai daɗi. A fili nake faɗa, kuma ba zan daina ba: ba a taɓa gina gida da kwalba ba, rushewa ake yi.

Amma da ka ga ɗanka a hanyar dawowa. Abin tausayi ne. Zigwai ta riga ta gaya masa ba za ta yi aure ba da albarkar mahaifinta ba, kuma na yaba mata a kan hakan, ko da yake ni ce abin ya dama. Tsohon kuma zai tafi gida a watan Yuni, bai sa ranar dawowa ba. In ba a buɗe maganar kafin nan ba, Allah kaɗai ya san ranar.

Na san abin da za ka ce, kada ma ka fara. Na san muna da 'ya a Birmingham wadda wannan ne abincinta. Mun sha wahala Kaneng ta karanta kimiyya a jami'a a kan Oxford Road, muna jiran mai haɗa magani, ta ƙare a kamfanin masu sayar da wiski. Na faɗa mata gaskiya a gaban kowa waccan Kirsimetin, tun daga nan ba ta taka ƙofar gidan nan ba. A coci in an tambaye ni, cewa nake yi tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kwalabe a wurin, ai ban yi nisa da gaskiya ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka daina hawa tsani kana duba aikin magina, ba yaro ba ne kai.

Matarka,
Margaret

Gorton, Manchester
Watan Afrilu

Baban Nyam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ruwan farko ya sauka muku lafiya. Yaya jikin? Na ji saƙon muryar da ka aiko. Rabinsa dariya ce, kuma ban ga abin dariya ba. Amma na ji inda ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ji.

Sai da na fara gwadawa da kaina. Na tashi daga aikin safe a gidan tsofaffi, na shiga babban kantin da ke kusa da kasuwar Gorton, na nufi layin da ban taɓa bi ba tun da na zo ƙasar nan. Kwalabe daga ƙasa har sama, wata da hoton barewa, wata da hoton wani tsoho mai gemu, wata a cikin akwati kamar gawa. Ina tsaye kamar wadda aka dasa, sai na ji an ce salamu alaikum a bayana. Hajiya Rabi'a ce, maƙwabciyarmu, matar Dakta Musbahu. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na buɗe baki zan ce ruwan tsami nake nema, sai na tuna ni ce mai koya wa matan Zumunta na cocinmu cewa ƙarya zunubi ce, na faɗa mata gaskiya. Matar nan ba ta yi dariya ba. Ta ce in dai don ɗa ne, babu inda uwa ba ta shiga. Ta juya kekenta na kaya ta tare bakin layin da shi, ta tsaya da hijabinta tana gadina ko wani ɗan cocinmu zai ɓullo. Ka duba ikon Allah, Hajiya tana gadin shugabar Zumunta a layin giya. Allah ya saka mata. Amma duk da haka hannu wofi na fito, domin ban san ta gari ba, ban san ta banza ba.

Da na dawo na tarar Nyam ya ga wata a intanet, mai akwatin katako da hatimi, kuɗinta ya isa ya biya hayar flat ɗinsa. Na ce in ya taɓa ta to ya nemi wata uwar. Ai irinta ce tsohon yake jira ya gani ya ce yaron almubazzari ne.

Saboda haka ranar hutuna na hau coach, babbar bus ɗin nan, zuwa Birmingham, ban gaya wa kowa ba.

Wurin aikinta ba abin da na zata ba ne. Na ɗauka zan tarar da hayaniya da mashaya suna tangaɗi. Wani ɗan shago ne a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, shiru kamar ɗakin karatu, ƙasa a share tas. Tana bayan teburi tana magana da wani Bature. Da ta ɗaga kai ta gan ni, sai ta ce "Mummy" da wannan harshen nasu na Manchester, ta zagayo ta durƙusa har ƙasa a gaban Baturen. Ta rame kaɗan. Gashinta kuwa ba zan yi magana a kansa ba yau.

Ba ta tayar da tsohon zance ba, ni ma ban tayar ba. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Sai ta shiga yi mini tambayoyi kamar GP, likitanmu na unguwa: tsohon yana son yaji? Shayinsa da sukari da yawa ko kaɗan? Me aka ba mu muka ci a gidansa? Na ce mene ne haɗin miyar karkashi da wannan abin? Ta ce akwai haɗi. Ta bayyana mini cewa ita burbon yawancinta masara ce, ana zuba ta a gangar itace da aka babbake cikinta, ta kwana shekaru, daga nan take samun launi da ƙamshi. Ta ce sau da yawa tsadar da mutane ke biya ta akwati ce da talla da suna, abin da ke ciki bai fi na kwalbar da ke ɓoye a ƙasan kanta ba. Aikinta kenan, ta nemo wa kamfanin mai kyau wadda talaka zai iya saya. Na ce to duk wannan ɗanɗane-ɗanɗanen, ba ta zama mashayiya ba? Ta nuna mini wani ɗan bokiti, ta ce ba ta haɗiyewa, tofarwa take yi. Baban Nyam, duniya ta zo ƙarshe, ana biyan mutum albashi don ya tofar. Amma ba zan ɓoye maka ba, wani dutse ya sauka daga ƙirjina.

Sai ta jera ƙananan kofuna a gabana, babu suna a jikin ko ɗaya. Na ja baya. Ta ce ba sha zan yi ba, shinshinawa kawai, hanci ai ba ya buguwa. Na yi addu'a a zuci na shinshina. Na farko ya sare ni kamar maganin asibiti. Wani kuma kamar turaren 'yan mata, ƙamshi a sama, ciki babu komai. Amma akwai ɗaya da na kai hanci sai ga ni a bakin tashar Bukuru da damina, masara tana gasuwa a kan gawayi, ga ɗan zaƙi a bayanta kamar alewar madara. Na ce in dai dole ne, wannan. Yarinyar nan ta tafa hannu tana dariya, ta ce ita ma ita ta zaɓa tun farko, kuma tana cikin masu araha, ba ta kai kuɗin jirgin ƙasa daga Manchester ba. Wai ashe a wajena ta gaji hancin, ni kuma a wajen kakarta mai dafa burkutu. Na ce ta rufe mini baki, ba a tono abin da Allah ya rufe.

Kwalbar ba ta da wani ado, farar takarda ce kawai a jikinta. Na ce ba za ta kwana a ƙarƙashin rufina ba, kuma ba zan riƙo ta a coach ba. Mun shirya cewa ranar da za mu koma wajen tsohon, Kaneng za ta kawo ta bakin gidan, ta miƙa wa Nyam, ita kuma ta jira a mota, saboda Dattijo Ashafa. Ta ce ba damuwa. Ta faɗa da sauri, ta juya tana goge teburin da yake a goge.

Ta raka ni har tasha, ta saya mini ruwa da biskit. Ta ce in gaishe ka.

Ka ci gaba da addu'a. Kada ka ba maginan nan kuɗin siminti a hannu.

Taka,
Maman Nyam

Gorton, Manchester
Watan Mayu

Maigidana,

Ina gaishe ka da zuciya cike da godiya. Ina fatan kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, masarar bayan gida ta tsiro. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma in za ka yi dariya ka bari sai ka kai ƙarshe.

An buɗe maganar. An ba ɗanka mata. Amma bari in faɗa maka yadda aka yi, domin kai ma kana da laifi a ciki.

Mun isa da rana, ana yayyafi. Kaneng ta riga mu, ta ajiye motarta can gaba da gidan. Nyam ya je ya karɓo kwalbar a cikin leda, Dattijo ya kau da kai kamar bai gani ba. Dama ya gaya mini zai yi magana a madadinka amma hannunsa ba zai taɓa abin ba, na ce na fahimta.

Falon a cike yake, ƙannen tsohon sun zo, matansu suna leƙe daga kicin. Nyam ya durƙusa ya ajiye kwalbar a tsakiya. Baba Kambai ya ɗauka ya juya ta, ya dubi farar takardar. Sai ya aika aka ɗauko masa wani ɗan ƙoƙo daga cikin ɗaki, irin namu na gida, ya yi baƙi don tsufa. Ya buɗe kwalbar ya tsiyaya kaɗan. Na ce a raina alhamdu, an wuce wurin. Sai na ga ya miƙo ƙoƙon wajenmu.

Baban Nyam, yaya aka yi muka manta, ni da kai? Yaran nan an haife su a nan, ba su sani ba, amma mu fa? Mai kawowa shi ke fara sha. Tun ina yarinya na san ba a miƙa wa mutum ƙwarya sai mai ita ya fara kai baki, a ga babu mugun abu a ciki. Na ga uwata ta yi hakan sau ba adadi. Shekarun da na yi ina guje wa abin ne suka share shi daga kaina. Kai kuwa ba ka da hujja.

Dattijo Ashafa ya harɗe hannuwa ya zuba wa silin ido. Nyam ya miƙa hannu, tsohon ya ce a'a, mai neman aure ba ya sha a gaban surukinsa, sai wani daga gidan ubansa. Ƙoƙon ya zo hannuna. Na dubi ɗanka, gumi yana bin wuyan rigarsa. Na hango Zigwai a bakin ƙofa ta toshe baki da gyale. Na san in na ajiye ƙoƙon nan a ƙasa, mun ce wa mutanen nan ba mu amince da abin da muka kawo ba, kuma za a sake raka mu mota. Na kuma san alkawarin da na yi wa Allah a kan kabarin mahaifina, ba zan karya shi ba ko don wa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce su yi mini haƙuri, gidan ubansa bai ƙare ba, akwai saura a waje. Na fita da ƙoƙon a hannu, na rufe shi da tafina saboda yayyafi, na bi titi da zanen Zumunta a jikina, Turawan unguwa suna kallona ta taga. Na ƙwanƙwasa gilashin motar. Tana zaune ita kaɗai, ta yi kwalliya da atamfa tun daga sama har ƙasa, ta ɗaura ɗankwali, domin zaman mota. Wannan atamfar ce ta fi komai taɓa ni. Na ce ta fito, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na shigo da ita riƙe da hannunta. Na ce wa Baba Kambai wannan ita ce Kaneng, 'yata ta fari, yayar Nyam, kuma sanin wannan abin shi ne aikinta, da shi take ci. Na faɗa da ƙarfi yadda Dattijo ba zai ce bai ji ba. Tsohon ya dube ta sama da ƙasa, ya ce 'ya ma gidan uba ce, ta sha.

Ta durƙusa ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ta kurɓa. Sai na ga idonta yana yawo, tana neman ɗan bokitinta. Babu bokiti a falon surukai. Ta dube ni, kumatu a cike, kamar ranar da na fara ba ta maganin zazzaɓi. Na gyaɗa mata kai. Ta haɗiye. In zunubi ne, a rubuta mana shi mu biyu.

Tsohon ya karɓa. Ya shinshina, ya ɗiga ruwa kaɗan a ciki, ya kurɓa, ya rufe ido. Ya daɗe a haka har ƙaninsa ya taɓa shi. Da ya buɗe, abin da ya ce kawai shi ne, masarar damina. Ya tambayi Kaneng ko ta yi tsada, ta ce a'a Baba, akwatinta ne ba a saya ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara da shekaru 'ya'yansa suna saya masa akwati. Sai ya tambaya wa ya zaɓa. Yarinyar nan ta yi wuf ta ce ita ce, don ta rufa mini asiri. Na ce a'a, ban koya wa 'ya'yana ƙarya ba, mu biyu ne, ita da iliminta, ni da hancina. Dattijo Ashafa ya sauko da idonsa daga silin a karo na farko.

Daga nan tsohon ya gyara zama ya ce to, baƙi, me ke tafe da ku? Dattijo ya yi magana, kuma ya yi ta da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matan kicin suka rangaɗa guɗa. Ɗanka ya yi kuka kamar ba injiniya ba. An sa biki a watan Satumba, tsohon ya ce zai dawo dominsa.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Dattijo ya ce wataƙila majalisar dattawan coci za ta so ta ji ta bakina. Na ce su kira ni, na san hanyar coci. Ra'ayina bai canza ba. Giya mai ba'a ce, haka yake a rubuce a Littafi Mai Tsarki, kuma ranar Lahadi zan sake faɗa wa matan Zumunta. Amma in an tambaye ni aikin Kaneng, zan faɗi aikinta.

Ina godiya ga Allah da ya rufa mana asiri. Ina godiya ga Hajiya Rabi'a, na kai mata acca. Har tsohon nan mai taurin kai ina gode masa, domin ƙoƙonsa ne ya fito da ni titi. Kai ma na gode da maganar hannu, ko da yake a cikin dariya ka faɗa.

Kaneng ta zo ranar Lahadin da ta wuce. Ta ci gwate kwano biyu, ta kwana a tsohon ɗakinta. Na yi mata magana a kan gashin, ta ce ta ji. Da za ta tafi ta bar wata 'yar ƙaramar kwalba, irin waccan, wai ta Daddy ce. Na ce ta san dokar gidan nan. Ta ce ta sani, shi ya sa ta ba Nyam ya ajiye a flat ɗinsa.

Kada ka fara murna. In Allah ya kawo ka biki, cokali ɗaya ne, a gabana, kuma sai GP ya yarda. Mai fara ɗanɗanawa kuwa kada ka damu, muna da ita a gida.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Matarka har kullum,
Margaret, Maman Kaneng